WAI DAJI BA YA SON ƘARFE?

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, malamin ilimin sinadarai, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wani abu daga fannina, amma da sharaɗin kada in sa jama'a gyangyaɗi irin na darasin kemistiri na bayan azahar. Saboda haka na zaɓi wata magana wadda babu wanda bai taɓa jin ta ba a cikinmu. Idan ƙari ya fito wa mace a nono, ko wani gyambo ya ƙi warkewa, sai ka ji dattawa sun ce daji ne, kada a kai asibiti, domin daji ba ya son ƙarfe. Ma'ana kada allura ta taɓa shi, kada wuƙar likita ta taɓa shi, in ba haka ba zai fusata ya bazu. Abin da nake so in nuna muku a yau shi ne, ɗaya daga cikin manyan magungunan ciwon daji da duniya ke taƙama da su, ƙarfe ne tsantsa a zuciyarsa.

Bari mu fara da jadawalin sinadarai, wancan da ke manne a bangon ɗakin gwaje-gwaje, wanda aka sa mu haddace ashirin ɗin farko muka bar sauran. A can ƙasa, a layi na shida, akwai wasu maƙwabta. Lamba 78 shi ne filatinam, farin ƙarfe mai tsada wanda mafi yawansa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Lamba 79 zinariya. Lamba 80 zaiba, wadda masu haƙar zinariya ke amfani da ita wajen tattara gwal daga garin dutse. Lamba 82 kuwa dalma. Uku daga cikin waɗannan huɗun mun san su a ƙasarmu, kuma ɗaya daga ciki mun san shi da hawaye.

Ba sai na tsawaita a kan abin da ya faru a 2010 ba, domin akwai waɗanda ke zaune a nan da suka je jana'iza. A watan Maris na wannan shekara ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba ya yi musu komai. Da aka bincika sai aka gano dutsen zinariyar da ake kawowa cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙa, cike yake da dalma. Ƙurar ta bi ɗakuna da tsakar gida, yara masu rarrafe suka kai ta baki. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi tare da hukumomin lafiya na ƙasar nan a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. Gaba ɗaya an yi asarar yara fiye da 400. Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, sai Bagega wadda ba a samu kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai a 2013. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

To mutumin da ya ga wannan da idonsa, in ka ce masa za a ɗura wa matarsa ƙarfe a jijiya don ta warke, yana da hujjar ya yi maka kallon mahaukaci. Shi ya sa ya wajaba a bayyana bambancin.

Dalma idan ta shiga jiki, ba ta da inda ta nufa. Jiki yana ɗaukar ta a matsayin sinadarin kalsiyam, sai ya kai ta ƙwaƙwalwa, ya kuma adana ta a ƙashi shekara da shekaru, har uwa ta iya miƙa wa ɗan da ke cikinta. Tana ture sinadarin zink daga gurabunsa, ta hana jiki haɗa jini yadda ya kamata. Babu wani gwargwado nata da ke da amfani ga ɗan Adam. Filatinam ɗin da ake magani da shi kuwa ba garin ƙarfe ba ne. An ɗaure shi ne da wasu sinadarai a wani tsari na musamman, don ya isa wuri guda a cikin ƙwayar jiki ya kama. Wannan wurin shi ne zaren gado, abin da masana ke kira Di-En-E.

Jikinmu an gina shi da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kuma a cikin kusan kowace ƙwaya akwai wannan zare, wanda in aka warware shi zai kai tsawon mita biyu. A 1953 ne Watson da Crick suka bayyana siffarsa a Kambirij ta Ingila, bisa taimakon hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka. Ku ɗauke shi kamar tsani da aka murɗa kamar igiya. Matakalan tsanin an yi su da haruffa huɗu kacal, A da T da G da C, kuma jerin waɗannan haruffa shi ne umurnin da ƙwaya ke bi. Kafin ƙwaya ta rabu biyu, dole ta tsaga tsanin nan ta kwafe shi kaf. Ciwon daji ba komai ba ne illa ƙwayoyin da umurninsu ya lalace, suka daina jin birki, suna ta rabuwa ba ƙaƙƙautawa. Duk wanda ya hana su kwafar zaren, ya karya musu lago.

Yadda aka gano filatinam zai iya wannan aiki abin mamaki ne, domin wanda ya gano ba maganin daji yake nema ba. Sunansa Barnett Rosenberg, masanin fiziks ne a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka. Yana so ne ya ga ko wutar lantarki tana da tasiri a kan yadda ƙwayoyin bakteriya ke rabuwa. Ya zaɓi sandunan filatinam ya tsoma a ruwan da bakteriyar ke ciki, saboda kowa ya yarda filatinam ƙarfe ne da ba ya narkewa, ba ya shiga sabgar kowa. Da aka kunna wuta, sai mai taimaka masa, Loretta VanCamp, ta ga bakteriyar sun daina rabuwa amma ba su daina girma ba, sun zama dogaye kamar taliya, wasu sun ninka tsawonsu har sau 300. Mai gaggawa da sai ya buga cewa lantarki ne ya yi aikin. Su kuwa suka ci gaba da tonawa har suka gano ɗan filatinam kaɗan ne ke narkewa daga sandunan yana haɗuwa da gishirin da ke cikin ruwan. Sun buga wannan a 1965. Daga baya aka gane sinadarin da ya fi ƙarfin aikin ba sabo ba ne: wani Ba'italiye, Michele Peyrone, ya haɗa shi tun 1844, ya zauna fiye da shekara ɗari ba wanda ya san amfaninsa. Rosenberg ya ce, abin da ya hana bakteriya rabuwa, me zai hana a gwada shi a kan daji? A 1969 suka ba da rahoton cewa ya shanye ƙari a jikin ɓeraye. A 1971 aka fara gwada shi a kan mutane, a 1978 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. Sunansa sisfilatin.

Malamanmu na kemistiri za su ji daɗin wannan ɓangare. Sisfilatin ɗan ƙaramin abu ne: filatinam guda a tsakiya, da abokai huɗu a kusurwa huɗu, kamar mutum huɗu sun kewaye akushi a kan tabarma. Biyu amoniya ne, biyu kulorin. Idan kulorin biyun suna zaune kafaɗa da kafaɗa, shi ne sisfilatin, maganin daji. Idan kuwa suna fuskantar juna, ɗaya nan ɗaya can, sunansa taransfilatin, kuma ba ya maganin. Kayan haɗi iri ɗaya, nauyi ɗaya, wurin zama kawai ya bambanta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba sunan ƙarfe ke kisa ko warkarwa ba, yadda aka tsara shi ne.

Dalilin kuwa shi ne, a cikin jini akwai gishiri da yawa, don haka kulorin biyun nan suna zaune daram, maganin yana tafiya bai taɓa kowa ba sosai. Da ya shiga cikin ƙwaya, inda gishirin ya yi ƙaranci ƙwarai, sai kulorin su sauka, filatinam ya sami hannu biyu a sake, kuma dukansu a gefe guda. Da su yake cafke haruffan G guda biyu da ke maƙwabtaka a kan zaren. Kusan kashi biyu cikin uku na kamun da yake yi irin wannan ne. Yana kamawa sai tsanin ya tanƙware a wurin. A 1995 Stephen Lippard da abokan aikinsa a cibiyar MIT suka fitar da siffar wannan tanƙwara dalla-dalla. Duk telan da zare ya taɓa ƙulle masa a keke ya san abin da ke biyo baya: ɗinki ya tsaya. Ƙwayar za ta yi ƙoƙarin kwance ƙullin, in ya yi mata yawa sai ta kashe kanta, domin Allah ya halicci ƙwayoyinmu da wannan tsari. Ƙwayoyin daji sun fi shan kashi saboda kullum cikin kwafa suke, kuma da yawansu ba su iya gyara sosai ba.

Inda ya fara nuna bajinta shi ne dajin maraina, ciwon da ya fi kama samari. Kafin zuwansa, in ciwon ya bazu a jiki, waɗanda ke tsira ba su wuce ɗaya cikin goma ba. A 1974 Dokta Lawrence Einhorn na Jami'ar Indiyana ya haɗa sisfilatin da wasu magunguna biyu, kuma da irin wannan haɗi a yau ana warkar da kusan takwas cikin goma na waɗanda ciwon ya riga ya bazu musu. Warkewa nake nufi, ba lallaɓawa ba. Daga nan aka shiga amfani da shi ga dajin mafitsara, na huhu, na wuya da maƙogwaro, na ƙwan mace, da na bakin mahaifa.

Wannan na ƙarshen shi ya fi shafarmu. Ƙididdigar 2020 ta nuna mata kusan 12,000 ne ke kamuwa da dajin bakin mahaifa a Nijeriya a shekara, kusan 8,000 kuma ke mutuwa. A 1999 Cibiyar Daji ta Amurka ta fitar da sanarwa ta musamman, bayan gwaje-gwaje biyar sun nuna cewa in aka haɗa sisfilatin da gashin ciwon da hasken na'ura, haɗarin mutuwa yana raguwa da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari idan aka kwatanta da gashin kaɗai. Tun daga lokacin haka ake yi: ƙarin ruwa mai ɗauke da maganin sau ɗaya a mako, mako biyar ko shida, tare da gashi. A yankinmu wuraren da aka sani da wannan aiki su ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya. Maganin kansa ba sabo ba ne, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kamfanoni da yawa suna yin sa.

Amma ba zan tsaya a gaban malamaina in ce abu ne mai daɗi ba. Guba ce da aka auna. Yana sa amai mai tsanani, ko da yake tun farkon shekarun 1990 an sami magungunan hana amai masu ƙarfi da ake bayarwa tare da shi. Yana iya rage ji, yana sa yatsu su riƙa mutuwa, kuma babbar illarsa ga ƙoda take. Saura kaɗan a yi watsi da shi tun farko saboda ƙodar, sai aka gano cewa in aka cika majiyyaci da ƙarin ruwa kafin maganin da bayansa, ƙodar tana samun sauƙi. Shi ya sa za ku ga kafin kowane zagaye ana ɗibar jini a duba ƙoda, ana auna tsawon mutum da nauyinsa a lissafa miligiram nawa zai ɗauka. Wasu 'yan'uwa kan ɗauka neman kuɗi ne kawai ake yi da waɗannan gwaje-gwaje. A'a, su ne ke tsakanin magani da kisa.

Illolin nan su suka sa aka nemo masa ƙanne. Kabofilatin, wanda aka haɓaka a Landan aka fara amfani da shi a shekarun 1980, ya fi sauƙi ga ƙoda amma yana taɓa ɓargo. Okzalifilatin, wanda Yoshinori Kidani ya haɗa a Nagoya ta Japan a 1976, shi ne ake ba masu dajin babban hanji, kuma mai shansa yakan ji kamar lantarki ya ja shi in ya taɓa abu mai sanyi.

Akwai kuma matsalar daji ya saba da magani. Wasu ƙwayoyin sukan koyi gyara zaren da sauri, wasu su riƙa fitar da maganin waje, wasu kuma su tare shi a hanya da sinadarai masu ɗauke da farar wuta. Ƙarafan nan masu nauyi suna da son farar wuta. Dutsen da ake yin tozali da shi dalma ce haɗe da farar wuta, kuma a nan zan roƙi iyaye mata su yi hattara da tozalin da ake sa wa jarirai. Maganin da aka ba yaran Bagega da Dareta, mai suna suksima, shi ma hannuwan farar wuta gare shi guda biyu da yake cafke dalma ya fita da ita ta fitsari. Dabarar da likita ya yi amfani da ita ya ceci yaro daga dalma, ita ce ƙwayar daji ke amfani da ita ta kuɓuta daga filatinam.

Don kauce wa wannan, masu bincike sun koma neman wasu siffofi na zaren gado. Ashe ba kullum yake zama tsani mai ƙafa biyu ba. A inda haruffan G suka yi yawa, zaren kan naɗe kansa, G huɗu su haɗu su yi faifai, faifan su hau kan juna. A 2013 ƙungiyar Shankar Balasubramanian a Kambirij ta nuna waɗannan ƙulle-ƙulle a cikin ƙwayoyin ɗan Adam. Ana samun su a bakin zaren, wurin da ke gajarcewa duk lokacin da ƙwaya ta rabu har ta tsufa, wanda mafi yawan ciwon daji ke da dabarar sake tsawaita shi don kada su tsufa. Ana kuma samun su kusa da wasu umurnin da ke zuga daji. Tunanin shi ne a ƙera sinadari mai faɗi, da ƙarfe a tsakiya, filatinam ko ruteniyam ko nikel ko ma zinariya, wanda zai zauna a kan faifan kamar murfi a kan tukunya ya hana a kwance shi, ya ƙyale sauran zaren. In an dace, za a sami maganin da ya fi sanin abokin gaba. Waɗannan dai suna matakin bincike, ba su zama maganin da likita zai rubuta ba, don haka duk wanda ya zo muku da kwalba ya ce ruwan zinariya ne mai kashe daji, ku riƙe kuɗinku. Ita zinariya akwai maganinta na gaske, oranofin, da aka amince da shi a 1985 don ciwon gaɓoɓi, kuma ana gwada shi a kan daji. Ina fatan wata rana ɗan Anka ko 'yar Bukkuyum za su kasance cikin masu wannan bincike, maimakon a ce abin da muka sani game da zinariya shi ne rami da ƙura.

Yanzu mu koma ga maganar dattawa. Daga ina ta samo asali? A ganina daga abin da suka gani ne. Mace ta ɓoye ƙari shekara biyu, ana shafe-shafe da turare, wani lokaci har da tsaga da sakiya, sai da ya fashe ya bazu zuwa huhu da hanta aka ɗauke ta zuwa Gusau ko Sakkwato. Likita ya yi abin da zai iya, bayan wata biyu ta cika. Sai a dawo gida a ce, kun gani, ƙarfe ya taɓa shi. Ba a lissafa shekara biyun da aka yi a ɗaki. Ta haka maganar ke ciyar da kanta: tsoro ya kawo jinkiri, jinkiri ya kawo mutuwa, mutuwa ta ƙara tsoro. Ɗan naman da likita ke yanka don gwaji shi ne hanyar sanin wane irin daji ne da kuma wane magani zai ji, kuma ba a fara sisfilatin ba tare da shi ba. Akwai kuma waɗanda ke farawa, su sha zagaye biyu, ƙarin ya motse, sai su ce an warke ko kuɗi ya ƙare. Ƙwayoyin da suka rage su ne masu taurin kai, kuma in suka dawo maganin ba ya cin su kamar da.

Na san ba jahilci kaɗai ba ne. Daga Gummi ko Bukkuyum zuwa Sakkwato kowane mako, a irin halin da hanyoyinmu suka shiga, da kuɗin mota da masauki da gwaji da abincin mai jinya, ba ƙaramin nauyi ba ne ga manomi. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun tallafa wa marasa galihu masu dajin nono da na bakin mahaifa da na 'ya'yan mafitsarar maza, kuma asibitin Shika na cikin shida na farko da aka fara da su. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka taɓa jin labarinsa? A watan Oktoba na 2023 kuma aka shigar da allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa dajin bakin mahaifa cikin rigakafin ƙasa, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, sauran jihohin da ba su shiga a zagayen farko ba suka bi a 2024. Yarinyar da ta sami wannan allura guda da wuya ta buƙaci sisfilatin saboda wannan ciwo. Ita ma allura ce, ita ma ƙarfe ne, kuma mun ji irin raɗe-raɗin da ake yi a kanta.

Shugaba, ina da roƙo biyu ga ƙungiya kafin in zauna. A cikinmu akwai likitoci da nas-nas da masu haɗa magani da ke aiki a Gusau da Sakkwato da Zariya. A tattara sunayensu a ba wakilanmu na kowace ƙaramar hukuma, domin in an sami mai ƙari ko mai zubar jini ba lokacin al'ada ba, a san wanda za a kira ya nuna masa ƙofar da zai shiga, ya kuma taya shi neman tallafin da na ambata. Na biyu, daga cikin kuɗin da muke tarawa a ware wani abu don kuɗin mota da masaukin wanda ya riga ya fara magani, saboda kada ya yanke a tsakiya. Ina roƙon sakatare ya sa waɗannan a ajandar zaman kwamitin zartarwa mai zuwa.

Ga malamanmu na kimiyya da suka yi ta fama da mu a ɗakin gwajin da wani lokaci ko iskar gas babu, Allah ya saka muku da alheri.